SHAWARA ƊAUKAR ƊAKI: Haƙƙin Ƙungiyoyin Jama'a Na Yi Wa Hukuma Nasiha

  

Darasinmu na wannan mako yana magana ne a kan wata tambaya wadda ta kan taso duk sa'ad da hukuma ta fito da wani sabon tsari, sa'an nan wata ƙungiya ta miƙe ta ce ba ta yarda ba. Tambayar kuwa ita ce: shin ƙungiyoyin jama'a suna da hurumin sa baki cikin abin da hukuma ta shirya yi? In suna da shi, ina iyakarsa? Wane nauyi ne kuma ke kansu ranar da shawarar da suka bayar ta haifar da ɓarna? Za mu duba abin da addini ya zo da shi, mu waiwayi tarihin ƙasarmu kaɗan, sa'an nan mu tsaya a kan wani al'amari da ya faru a Kano a 2003, domin a cikinsa akwai wa'azi ga masu mulki da masu ba su shawara gaba ɗaya.

SU WANE NE ƘUNGIYOYIN JAMA'A?

Abin da mu ke nufi da ƙungiyoyin jama'a shi ne duk wani taron mutane da suka haɗa kansu da kansu saboda wata maslaha, ba hukuma ce ta naɗa su ba, ba kuma neman kujerar mulki ko ribar ciniki ne ya tara su ba. A cikinsu akwai majalisun malamai, da ƙungiyoyin addini irin su Jama'atu Nasril Islam wadda aka kafa a Kaduna a 1962, da Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya wadda aka kafa a Minna a 1985. Akwai kuma ƙungiyoyin likitoci da lauyoyi da malaman makaranta, da na 'yan kasuwa da manoma da makiyaya, da na naƙasassu, har zuwa kwamitin masallacin unguwa. Waɗannan su ne ke tsakanin talaka da mai mulki. Muryar mutum guda ba ta isa fada, amma in ɗari sun haɗa baki sai an waiwayo.

ASALIN SHAWARA A CIKIN ADDINI

Allah Ta'ala ya saukar da sura guda a cikin Alƙur'ani wadda a ke kira Suratush Shura, watau surar shawara. A aya ta 38 ta wannan sura ya yabi muminai da cewa suna gudanar da al'amuransu bisa shawara, ya kuma ajiye wannan sifa a tsakanin tsai da salla da ciyar da dukiya. A Suratu Ali Imrana kuwa, aya ta 159, ya umarci Manzonsa da ya shawarci sahabbansa. Abin lura a nan shi ne lokacin da wannan aya ta sauka. Ta sauka ne bayan yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, yaƙin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya so a tsaya cikin Madina, amma ya bi ra'ayin waɗanda suka ce a fita, aka kuwa sha wuya a wannan rana. Duk da haka ba a ce masa ya daina shawara ba. Ashe ke nan wahalar da a kan sha bayan an bi wata shawara ba ta zama hujjar rufe ƙofa.

Haka kuma Imamu Muslim ya ruwaito hadisin Tamimud Dari, inda Annabi ya mai da nasiha ita ce ginshiƙin addini, ya kuma lissafa shugabannin Musulmi a cikin waɗanda a ke yi wa ita. Saboda haka gaya wa mai mulki gaskiya ibada ce, ba rashin kunya ba ce, kuma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To, ina dalilin yin haka a ƙungiyance? Ga misalai biyu. Na farko, tun kafin annabci waɗansu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana a Makka, suka ƙulla alkawari cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Dalili kuwa shi ne wani baƙon ɗan kasuwa da wani babban mutum ya danne wa kuɗin kayansa. Wannan alkawari shi a ke kira Hilful Fudul. Annabi ya halarce shi yana saurayi, bayan Musulunci ya zo kuma ya yabe shi, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa ga irinsa da ya amsa.

Na biyu, bayan yaƙin Hunainu, a shekara ta 8 bayan Hijira, mutanen Hawazina suka zo suna roƙon a sakar musu iyalansu da aka kama. Annabi ya nemi yardar Musulmi, taro ya amsa da cewa an yarda. Amma bai wadatu da hayaniyar taro ba. Ya nuna musu cewa a cikin cinkoso ba a iya rarrabe wanda ya yarda da wanda bai yarda ba, saboda haka kowa ya koma, wakilan da ke kula da kowane rukuni su ji ta bakin mutanensu, su kawo masa. Imamul Buhari ya kawo wannan labari. A nan mu ke ganin cewa jin ra'ayin jama'a ta hannun wakilansu sunna ce tabbatacciya.

KOWANE FAGE DA MUTANENSA

Amma fa addini bai ce a shawarci kowa a kan kome ba. Malaman tarihi sun kawo cewa a ranar Badar, Hubabu ɗan Munziri ya fara tambayar Annabi ko wurin da aka sauka umarnin Allah ne ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da ya ji dabara ce, sai ya ba da shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, domin shi ya san wannan ƙasa, aka kuwa bi maganarsa. A yaƙin Handaƙu, a shekara ta 5, Salmanul Farisi ne ya kawo dabarar haƙa gwalalo, wadda ya sani daga ƙasarsu ta Farisa. Kowannensu ya yi magana ne a kan abin da ya ƙware a kai.

Imamul Ƙurɗubi, a cikin tafsirinsa, ya kawo maganar wani malamin mazhabarmu ta Malikiyya, Ibnu Huwaizi Mandad, wadda ma'anarta ita ce wajibi ne masu mulki su shawarci malamai a kan abin da ya shige musu duhu na addini, su shawarci shugabannin mayaƙa a kan yaƙi, su shawarci manyan gari a kan maslahar jama'a, su kuma shawarci ma'aikata a kan raya ƙasa. Wannan rabo ya dace da aya ta 43 ta Suratun Nahli, wadda ta umarci wanda bai sani ba ya tambayi masu sani.

Babu labarin da ya fi fito da wannan fili kamar na Sayyadina Umaru, Allah ya yarda da shi, a zamanin annobar Amwasa, wajajen shekara ta 18 bayan Hijira. Ya tasam ma Sham, da ya isa wani wuri da a ke kira Sarga sai shugabannin runduna suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke. Sai ya kira Muhajirai na farko ya shawarce su, suka saɓa. Ya kira Ansaru, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, su kuwa bakinsu ya zo ɗaya cewa ya koma da mutane. Da ya yanke shawarar komawa, sai Abu Ubaida ya ƙalubalance shi a gaban jama'a cewa wannan gudun ƙaddara ne. Umaru bai yi fushi ba. Ya buga masa misali da mai raƙuma wanda ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa cewa duk gefen da ya kai su kiwo da ƙaddarar Allah ne ya kai su. Ana cikin haka sai ga Abdurrahmani ɗan Aufu, wanda ba ya nan da farko, ya ce yana da ilmi a kan wannan, ya faɗi abin da ya ji daga Annabi na hana shiga garin da annoba ta faɗa, da hana fita daga cikinsa don gudu. Umaru ya gode wa Allah ya juya.

Dubi wannan tsari, ya kai mai karatu. An ji ta bakin rukuni rukuni. An bar mai suka ya yi sukarsa. Da ilmi tabbatacce ya zo kuma, gardama ta ƙare.

A ƘASARMU

Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Wajajen 1788 kuma Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Idi, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar tasa, ya roƙi abubuwa biyar a maimakonta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amsa masa. Da ya karɓi zinariya, da bakinsa ya yi nauyi. Bayan jihadi kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda jajis ke kai ilmi ga matan ƙauyuka, suna kuma dawo mata da matsalolinsu.

ABIN DA YA FARU A KANO

Yanzu sai mu zo ga misalin da muka yi alkawari. Cutar shan inna sananniya ce a wurinmu, sunanta ma ya nuna yadda mutanen da suka ɗauke ta, watau wai Inna ce ke shanye ƙafar yaro. Likitoci sun tabbatar ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida, ta shiga bakin wani yaro ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A cikin kimanin yara 200 da ta shiga jikinsu, guda ne ta kan shanye, sauran kuwa suna iya yaɗa ta ba wanda ya sani. In ta shanye gaɓa babu magani, sai dai riga-kafi tun da wuri. A 1988, sa'ad da ƙasashen duniya suka ƙudura kawar da ita, tana naƙasa yara wajen 350,000 a kowace shekara a ƙasashe 125. Zuwa 2003 saura ƙasashe shida kaɗai ta ke da gindin zama a cikinsu, har da Nijeriya da Nijar.

A wannan shekara ta 2003 ne Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a a Nijeriya, a ƙarƙashin shugabancin marigayi Dokta Ibrahim Datti Ahmad, wanda shi kansa likita ne, ta bayyana zargin cewa an gurɓata ɗigon riga-kafin da abin da ke hana haihuwa, ta nemi a dakatar har a bincika. Jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar. Sauran ba su daɗe ba suka koma, amma Kano ta tsaya a kan bakanta wajen wata goma sha ɗaya.

Adalci ne mu faɗi cewa wannan tsoro ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200. Goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, waɗansu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji a ke yi ba, kamfanin kuwa ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi kuma a watan Maris na 2003 Amurka ta auka wa Iraƙi, zukatan Musulmi suna tafasa. Sa'an nan talakawa suna da wata tambaya mai ma'ana: don me a ke bin mu gida gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda, sai mu je asibiti a rubuta mana takarda a ce mu je mu saya? Ba a zauna da su an amsa wannan tambaya ba kafin a ƙwanƙwasa musu ƙofa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitocin bincike. A farkon 2004 aka tura tawaga, da wakilan Musulmi a cikinta, zuwa Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya, ta dawo ta ce maganin ba shi da aibu. Gwamnatin Kano, a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ta tura nata mutanen, daga bisani ta amince da maganin da aka yi a Indunusiya, ƙasar Musulmi, aka koma riga-kafi a ƙarshen watan Yuli na 2004. A watan Oktoba na wannan shekara aka ɗiga wa 'yar gwamnan kansa a bainar jama'a.

Amma magana zarar bunu ce. An janye dakatarwa a ofis, ba a janye tsoro daga zukatan iyaye ba. Yaran da cutar ta shanye a Nijeriya, waɗanda ba su wuce 202 ba a 2002, sun haura 1,100 a 2006. Ƙwayar ta tsallaka iyaka ta shiga ƙasashe wajen ashirin waɗanda da sun rabu da ita, ta bi ta Cadi da Sudan, a 2005 ta naƙasa ɗaruruwan yara a Yaman, ta kuma isa Indunusiya, ƙasar da ta shekara goma ba ta ga cutar ba. Yawancin waɗannan yara 'ya'yan Musulmi ne. Kai, har a watan Fabrairu na 2013 waɗansu 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano, galibinsu mata. Ba mu ɗora wannan jini a kan waɗanda suka yi magana shekara goma kafin nan ba, amma ya isa ya nuna mana cewa jita-jita, in ta bar bakin mai ita, ba ta sake jin kiransa.

YADDA AKA GYARA

Abin sha'awa shi ne, ƙofar da ɓarna ta shigo ta nan gyara ya shigo. Tun daga 2006 hukumomi suka saurari koken talakawa, aka fara haɗa ɗigon shan inna da waɗansu abubuwan amfani, kamar riga-kafin ƙyanda da maganin tsutsar ciki da sabulu da gidan sauro. Wannan shawarar jama'a ce ta gaskiya, ta kuwa canja tsarin hukuma. A 2009, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya matakin farko, aka sa hakimai da dagatai da masu unguwanni cikin aikin. Limamai suka yi bayani a kan mumbari. Ƙungiyoyin mata Musulmi suka shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Waɗanda cutar ta naƙasa su ma suka haɗa ƙungiya, suna bin unguwanni a kan kekunansu suna cewa iyaye su dube su, gani kuwa ya kori ji.

Da wannan, da kuma ingancin magani da tsarin aiki da aka ƙara, sai lissafi ya juya. Daga yara 798 a 2008, aka sauko 388 a 2009, aka sauko 21 a 2010. An sake samun hauhawa bayan haka, amma aka dage. Waɗanda aka gani na ƙarshe a Jihar Borno ne a 2016, a wuraren da rikici ya hana ma'aikata shiga. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Nijeriya da sauran ƙasashen yankin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai bayan wannan an ci gaba da samun wani nau'i, wanda ke tasowa daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon, in ta daɗe tana yawo a tsakanin yaran da ba a yi wa riga-kafi ba. Maganinsa kuwa shi ne a yi wa kowane yaro, domin ba ya samun wurin zama sai inda aka bar giɓi.

SHARUƊƊAN MAI BA DA SHAWARA

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da sharuɗɗa biyar ga kowace ƙungiya da ke son ta yi wa hukuma nasiha.

Na ɗaya, tabbatarwa kafin furtawa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labari, don kada a cuci waɗansu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i kuma ta zargi masu gaggawar yaɗa labarin aminci ko na tsoro kafin su mayar da shi ga waɗanda za su iya tace shi. Neman a gwada magani haƙƙi ne. Shelanta cewa guba ne kafin sakamako ya fito, wannan wani abu ne dabam.

Na biyu, tsayawa a fagen da aka sani. Malami shi ke faɗin halal da haram, amma abin da ke cikin kwalba sai masu awon magunguna, su ma ba mutum guda ba, sai an gwada an sake gwadawa a wurare dabam dabam. Ƙungiyar da ba ta da masana wani fanni, sai ta nemo su kafin ta buɗe baki.

Na uku, auna ɓarna biyu. Ƙa'ida ce a wurin malaman fiƙihu cewa in ɓarna biyu suka haɗu a kan ɗauki mafi sauƙi, kuma ba a barin tabbas saboda shakka. A 2003 naƙasar yara tabbas ce, ana ganinta a kowace kasuwa da bakin kowane masallaci, hana haihuwa kuwa zato ne. Cewa a dakata ma hukunci ne, yana da nasa sakamako, kuma waɗanda ke biyan kuɗinsa sau da yawa ba su ne ke zaune a wurin taron ba.

Na huɗu, tsarkin hannu. Ƙungiyar da ke cin abinci a hannun gwamna ba ta iya gaya masa gaskiya, wadda kuma ke karɓa daga abokan hamayyarsa, ko daga wata ƙasar waje, ba tare da ta bayyana ba, ba a sanin da bakin wa ta ke magana. A tuna da Shehu a Magami.

Na biyar, komawa ga gaskiya a fili. Wanda ya yi shela a kan mumbari ko a gidan rediyo, in ya gane ya yi kuskure, a nan ya kamata ya koma ya gyara, da murya irin wadda ya yi ta farko. Gyara a ɓoye ba ya goge ɓarnar da aka yi a sarari.

NAUYIN DA KE KAN MASU MULKI

Su kuma masu mulki, nasu nauyin ya fi girma. Ƙurɗubi ya kawo daga Ibnu Aɗiyya, malamin Andalus, cewa shawara tana cikin ginshiƙan shari'a, har ya ga cewa shugaban da ba ya shawartar masu ilmi da addini ya cancanci a tuɓe shi. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 14, ya wajabta a tabbatar da sa hannun jama'a cikin mulkinsu, sashe na 40 ya ba su 'yancin kafa ƙungiya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowa damar neman takardun hukuma.

Saboda haka wajibi ne a nemi shawara tun abu yana ɗanye. Kiran malamai da sarakuna bayan an gama yanke hukunci, don su je su lallashi jama'a, wannan aike ne, ba shawara ba. Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya duk ɗacinta, a amsa tambaya ko da ta wanda bai yi boko ba ce, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Kada kuma a zaɓi 'yan amshin Shata kaɗai a ce an ji ta bakin jama'a. Umaru bai kori Abu Ubaida daga majalisa ba. Da an zauna da mutanen Kano tun farko, an yi musu bayanin abin da ya faru a 1996, an sa amintattunsu cikin masu awon maganin, da wataƙila ba a kai inda aka kai ba.

KAMMALAWA

To, 'yan'uwa, wannan darasi bai tsaya ga riga-kafi ba. Gobe za a kawo tsari a kan makarantun allo, ko auren wuri, ko filayen kiwo, ko haraji, ko rabon taki. Majalisun dokoki su kan kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin su zartar da doka, sau da yawa kuwa kujerunmu a wofi su ke, sai bayan an sa hannu mu fara kuka. Ya kamata kowace ƙungiya, tun daga ta ƙasa baki ɗaya har zuwa kwamitin masallacin unguwa, ta karanta abin da a ke shirin yi, ta nemi masana, ta rubuta matsayinta da hujja, ta je ta faɗa da ladabi ba tare da tsoro ba. Shiru a inda ya kamata a yi magana cin amana ne, magana ba da sani ba ita ma cin amana ce. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, ma'ana jinka ba ta hawa sai an taru, amma in masu ɗauka ba su daidaita hannu ba, a kan na cikin gida ta ke faɗawa.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraro da abokan shawara na gari, ya ba malamanmu da ƙungiyoyinmu tsoronsa a cikin abin da su ke furtawa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba yaranmu lafiya. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.